Tsakar da Na Ciro Daga Tarkon Ɓera

Ba da niyyar kiwo na fara ba. Tarkon ɗanko na ɗana wa ɓera a bayan firiji, da safe na janyo shi sai na tarar da tsaka a kai, ta manne ruf-da-ciki, ƙafafu huɗu da haɓa duk sun kafe. Wutsiyarta na gefe guda, ta riga ta yar da ita cikin dare wajen neman kuɓuta. Maƙogwaronta kaɗai ke motsi, yana bal-bal-bal. Da ɓeran ne da ban tsaya kallo ba. Amma wannan ba ita na ɗana wa ba, sai na ji ba zan iya jefa ta a shara da ranta ba.

Man girki ke warware irin wannan ɗanko. Na ɗiga shi kewaye da jikinta, na ɗauki tsinken goge kunne ina tura man ƙarƙashin yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ba a ja. Fatar tsaka ba ta da ƙwari ko kaɗan, kana ja za ta yage ta bar maka ita a kan kwalin. Na fi rabin awa a tsugune kafin ta fita. Na goge mata man da auduga da ruwan ɗumi, na ɗora ta a bango don ta kama gabanta, sai ta sulmiyo ƙasa. Na sake ɗora ta, ta sake sulmiyowa. 'Yata da ke tsaye a kaina ta ce, "Baba, in ka bar ta haka ai kyanwa ce za ta yi kalaci da ita." Na ce to, mu ajiye ta kwana biyu a roba ta warware. Kwana biyun nan ne suka ja ni sama da shekara.

Daga baya na gane abin da man ya ɓata. Idan ka kalli tafin ƙafar tsaka ta jikin gilashi za ka ga wasu layuka jere a ƙarƙashin kowane yatsa, an raba su gida biyu, abin da ya sa masana suka raɗa wa danginta suna Hemidactylus, wato rabin yatsa. A kan layukan akwai gashi sirara da ido ba ya gani, kowane gashi kuma ya rarrabu a bakinsa. Ba gam take fitarwa ba, ba kuma tsotsar bango take yi ba. Binciken da Kellar Autumn da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 da 2002 ya nuna cewa kusancin da gashin ke yi da bango ne ke haifar da wani ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyin abubuwa. Mai ya shiga tsakani, shi ya sa ta kasa riƙo. Ƙafar ba ta dawo daidai ba sai da ta yi saɓa. Tawa irin da ake kira frenatus ce, mai 'yan ƙayoyi jere a wutsiya, wadda asalinta kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne kafin jiragen ruwa su bi da ita duk inda ƙasa ke da ɗumi.

Gida bai ba ni wahala ba. Na samo akwatin gilashi mai faɗin santimita 30 da tsayin 45, domin tsaka ba ruwanta da faɗin ƙasa, tsayi take so. Na jingina ɓawon itace da rassa, na shimfiɗa tishu a ƙasa, na rufe da raga mai ƙananan idanu. A kusurwa ɗaya ta sama na sa ƙaramar fitila mai kai wurin digiri 30 zuwa 32, ɗaya ɓangaren kuma na bar shi wajen 25. Jikinta ba ya samar da zafin kansa, ita ke matsawa inda ya yi mata, don haka in ka ɗumama akwatin duka ka hana ta wurin gudu. Safe da yamma ina fesa ruwa a jikin gilashin, danshi na tsayawa tsakanin kashi 60 zuwa 75. Kwanon ruwan da na sa mata ban taɓa ganin ta sha daga ciki ba. Ɗigon da ke jikin gilashi take lasa, sannan ta zagayo da harshen ta share idonta, tunda ba ta da fatar idon da za ta ƙifta.

Abinci ne ya koya mini hankali. Wanda ya saba ganin tsaka a bango zai ɗauka ba ta da buƙatar komai, alhali a bangon nan ita ke zaɓar abin da za ta ci daga ƙwari iri-iri a kowane dare. Ranar da ka rufe ta a akwati ka karɓi wannan aikin gaba ɗaya. Da farko na sa mata ɓarɓashin burodi da ɗan tsinken nama, suka kwana suka bushe. Takan ɗan lashi abu mai zaƙi, amma wannan ba abinci ba ne a wurinta, abin da ke motsi take farauta. Sai na koma tsayawa gindin fitilar waje da kwalba ina kamo ƙwari. Ta ci kuwa, har na fara murna. Abu biyu suka tsayar da ni. Ban san wane ƙwaro ne ya bi ta inda aka fesa magani ba, kuma abin da bai kashe kyankyaso nan take ba yana iya kashe dabbar da nauyinta bai wuce 'yan giram ba. Sannan na karanta cewa ƙwaron nan mai walƙiya da dare guba ne ga dangin ƙadangare, guda ɗaya na iya gamawa da su. Ga shi kuma akwai lokutan da za ka tsaya awa guda ba ka kama komai ba.

Haka na wayi gari ina kiwon gyare. Babbar roba mai santsin ciki, kwalin ƙwai a jere don su sami maɓoya, jiƙaƙƙiyar auduga a murfin kwalba maimakon ruwa, domin gyare wawa ne, a cikin cokalin ruwa ma sai ya nutse. Uwargida ta jure kukansu na dare uku, a na huɗu ta ce, "Maigida, ko su ko mu." Suka koma ɗakin ajiya. Ƙa'idar girma guda ce kuma ban taɓa ganin ta ci amanata ba: kada ƙwaron ya fi faɗin tsakanin idanun tsakar. Ina ba ta huɗu ko biyar bayan faɗuwar rana, kwana ɗaya a ci, kwana ɗaya a huta. Da safe duk wanda ya rage sai na cire shi, don gyare mai yunwa yakan ciji tsaka tana barci.

Wutsiya ta fara tsirowa kamar ɗan baƙin tsinke, cikin wata biyu ta cika. Ba ta dawo kamar ta da ba. Sabuwar sumul take, babu ƙayoyin, launinta ya sha bamban, kuma guringuntsi ne a cikinta maimakon ƙashi. Na yi ta ba ta abinci sosai a lokacin, saboda a wutsiya take ajiye kitse, wadda ta yar da wutsiya ta yar da rumbunta. Tun daga nan na daina ɗaukarta da hannu. Ba dabbar shafawa ba ce. In zan wanke akwati sai na kora ta cikin kofi na rufe da kwali, in na gama na wanke hannu da sabulu. Ba don dafi ba, tsaka ba ta da dafi, duk da yadda mutane ke tsoronta. Don ƙwayar cutar salmonela ce, wadda dabbobi masu jan ciki kan ɗauka a hanjinsu ta fito a kashinsu.

A wata na uku, wani dare tana manne da gilashi na haska tocila, sai na ga wasu fararen abubuwa biyu a cikinta, ɗaya dama ɗaya hagu. Fatar cikin tsaka shara-shara ce, ana hango ƙwai ta ciki. Na yi tsaye ina lissafi. Wata uku ita kaɗai, murfi a rufe. Ashe macen wannan iri tana iya adana maniyyin namiji a jikinta har mako 36, ta riƙa yin ƙwai masu rai ba tare da ta sake haɗuwa da shi ba. Da guzurinta ta shigo tarkon.

Ta saka su a wani lungu na ɓawon itacen, biyu cif, zagayayyu, kowanne bai kai santimita ɗaya ba. Kwana uku bayan haka na ga abin da ya tayar mini da hankali. Ta sauko ƙasa, inda ba ta saba zama ba. Yatsunta na karkarwa. Ta kai wa gyare cafka ta kama, amma ya zame daga bakinta ya yi tafiyarsa. Na sa ta a kofi na kai wa likitan dabbobi. Ya duba ta, ya ɗan taɓa muƙamuƙinta da bakin tsinke, ya ɗago ya ce, "Malam, me kake ba ta?" Na ce gyare, da ƙarfin gwiwata. Ya ce, "Shi kuma gyaren me kake ba shi?" Na yi shiru. Gaskiya ba na ba su komai sai abin da ya samu.

Abin da ya bayyana mini shi ne kusan duk abin da na sani yanzu game da wannan kiwo. Jikin gyare na da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali tsaka na buƙatar kalsiyam ya ninka fosfaras wajen sau biyu. Ƙwan tsakar gida kuma ɓawonsa tauri gare shi kamar na tsuntsu, ba laushi irin na yawancin ƙadangaru ba, kuma da kalsiyam ake gina shi. Mace tana tara shi a wasu 'yan jakunkuna biyu a gefen wuyanta, a lafiyayya za ka gan su fari-fari sun ɗan kumbura a bayan kunne. Nata sun shafe. Da ajiyar ta ƙare, jiki ya koma yana ɗiba daga ƙashi, shi ya sa muƙamuƙi ya yi laushi har ya kasa riƙe gyare. Wata uku ina cika mata ciki da abin da ba ya gina ta, ina ganin ta yi ɓul-ɓul ina yaba wa kaina.

Ya ɗiga mata maganin ruwa a baki, ya koya mini abu biyu. Na farko, a ciyar da gyaren da kyau kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa shi: karas, ganye mai duhun kore, ɗan garin hatsi. Abin da ke cikin gyare shi ke shiga cikin tsaka. Na biyu, a barbaɗe shi da garin kalsiyam, fari kamar alli. Ina zuba ɗan kaɗan a leda, na jefa gyaren, na girgiza a hankali har su yi fari kamar sun faɗa buhun fulawa, na juye mata nan take kafin su kakkaɓe. Sau ɗaya a mako ina amfani da garin da aka haɗa da bitamin D3, don in babu shi hanji ba ya iya jan kalsiyam ɗin. Ya gargaɗe ni kada na wuce haka, shi ma D3 in ya yi yawa illa ne. Ya ƙara da cewa ajiye akwati kusa da taga ba ya maganin komai, hasken ranar da ke sa fata ta haɗa wannan bitamin ba ya ratsa gilashi, abin da zai ratsa zafi ne kawai, ya dafa maka dabba. Cikin mako uku ta koma bango, jakunkunan wuyan suka dawo.

Su kuma ƙwan, ina can ina fama da uwarsu sai da suka yi kwana shida kafin na waiwaye su. Nan na yi kuskure na biyu. Wajen ciro su ɗaya ya kuɓuce mini ya gangara a kan tishu. Ƙwan kaza uwar ke juya shi kullum, amma na dabba mai jan ciki ba haka ba ne: ɗan tayin na kafuwa a wuri guda tun kwanakin farko, in aka kifa shi yana iya mutuwa. Ɗayan na ɗiga masa alama da fensir a sama kafin na taɓa shi. Na ɗora su a kan busasshen yashi cikin murfin kwalba, na sa murfin a cikin roba mai jiƙaƙƙiyar auduga a gefe, don iska ta yi danshi amma ƙwan kada ya jiƙe. Zafi wajen digiri 28. Bayan mako biyu na kashe fitila na haska su da tocila ta gefe. Mai alamar ya yi ja-ja, da 'yan jijiyoyi kamar zare. Wanda ya gangara ya yi ruwan ɗorawa, babu komai a ciki, daga baya ya yi furfura na zubar.

Ƙwan wannan iri kan ɗauki kwana 46 zuwa 62. A kwana na 52 'yata ta shigo da gudu tun ban tashi ba: "Baba, ƙwan ya fashe, babu kowa a ciki!" Jinjirin yana nan, manne a ƙarƙashin murfin robar. Har da wutsiya bai wuce santimita 5 ba, kai ya fi jiki, idanu sun fi kai. Na riƙe numfashi don gani nake in na huro iska zai tashi.

Na mayar da shi wata ƙaramar roba, tishu a ƙasa, guntun kwalin ƙwai, ramukan iska da allura na huda su, saboda duk ramin da kansa zai shiga to jikinsa ma zai bi. Ruwa feshi kawai, sau biyu a rana. Jinjirin tsaka na bushewa da wuri, kuma yana iya nutsewa a ruwan da bai kai zurfin farce ba. Kwana uku bai ci komai ba, ban damu ba, na riga na san yana rayuwa ne a kan sauran gwaiduwar da ya shanye kafin ya fito. A rana ta uku ya yi fari fat kamar an shafa masa toka, ya ja saɓarsa da baki ya cinye. Daga nan yunwa ta zo, ni kuma ban shirya ba. Mafi ƙanƙantar gyaren da nake da shi ya fi kansa girma.

Abincinsa 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan ne da ke taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba. Daren farko da ɓawon ayaba a kwalba na kamo su, rabi suka tsere cikin ɗaki, na sha magana. Daga baya na samo irin da masu kiwo ke amfani da shi, wanda ba ya iya tashi, na koyi haɗa musu abinci: garin dankali, ɗan sukari, ɗan ruwan tsami don hana furfura, barbaɗin yis a sama, a rufe bakin kwalbar da ƙyalle. A zafin digiri 25 kwana 10 ke kai su daga ƙwai zuwa ƙuda. Kwalba ɗaya takan yi wajen wata guda sannan ta mutu, don haka duk mako biyu sai an haɗa sabuwa. Sau ɗaya na yi sakaci na tsallake, na kwana huɗu ina bin bango da tocila kamar ɓarawo. Wannan aikin ya fi kula da tsakar kanta cin lokaci nesa ba kusa ba. Ita minti biyar ta ishe ta a rana. Ƙudaje da gyare su ne masu gidan.

Kullum da yamma nakan zuba masa kamar goma, a barbaɗe da kalsiyam, domin mai girma ƙashi yake ginawa. Kallon farautarsa ya biya ni wahalar. Zai tsaya cak, ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali kamar mai tsoron tayar da barci, wutsiya na kaɗawa, sai wuf. Ƙudan ya ɓace, shi kuma yana lasar farin gari a leɓe. Yawanci ba na ganin cin, tishu ke ba ni labari da safe. Kashin lafiyayyar tsaka baƙi ne da ɗan farin ɗigo a baki ɗaya, farin shi ne fitsarinta. In farin ya koma ruwan ɗorawa ya yi tauri, ruwa ya yi kaɗan. A saɓarsa ta uku fata ta maƙale masa a yatsu biyu. In aka bar ta takan bushe ta shaƙe yatsan har ya guntule. Na sa shi a kofi da jiƙaƙƙen tishu mai ɗumi na minti 15, na murza a hankali da auduga, ta fita.

Ina cikin wannan ban san uwar ta sake saka wasu biyu a bayan reshe ba. Wata safiya na buɗe akwatinta na ga fasassun ɓawo biyu a ƙasa, jinjiri ɗaya a can saman kusurwa ya lafe, na biyun kuma babu shi. Na kwashe komai na duba. Abin da na samu guntun wutsiya ne kamar zaren ɗinki. Ita kuwa tana kan ɓawon itacenta da cikakken ciki, ta ƙi kula gyaren daren. 'Yata ta yi kuka ta ce muguwa ce. Na ce mata tsaka ba ta san ɗa ba, duk abin da ke motsi kuma ya shiga baki abinci ne. Laifin na wanda bai duba bayan reshe ba ne. Na cire wanda ya tsira na ba shi robarsa shi kaɗai, ban haɗa shi da yayansa ba, don ko a tsakaninsu babba na danne ƙarami ya hana shi ci.

Da jinjiran suka kai wajen wata biyu suka koma cin jariran gyare, na huta da ƙuda. A wata na bakwai na duba su ta gilashi: babban yana da kumburi biyu a gindin wutsiya da layin 'yan ramuka a cinyoyi, namiji ke nan. Ƙaramin ma haka. Maza biyu ba sa zama akwati ɗaya, faɗa za su yi har wani ya rasa wutsiya ko ido, don haka akwati ya zama biyu. Babban ya fara kuka da dare, cak-cak-cak, wani daga bangon waje na amsa masa.

Uwar ta yi ƙwai sau ɗaya bayan nan, duka biyun fanko, guzurin ya ƙare. Na bar ta wata biyu ta murmure, wuya ya cika, sannan wani dare na kai kofin bayan firiji inda na same ta na buɗe. Wani wuri dabam ban yarda na kai ta ba, irinta ta riga ta kori tsakar asali a tsibirai da dama na tekun Fasifik. Ta daɗe a bakin kofin kafin ta haye bango. Tarkon ɗanko na daina sa shi, na koma na ƙarfe a cikin akwati mai ƙaramar ƙofa. Bayan kwana biyar na gan ta a saman tagar kicin kusa da fitila, da wani ƙwaro mai fiffike a baki ya fi faɗin tsakanin idanunta sau biyu. Da wutsiyar na gane ta, sumul, babu ƙaya ko ɗaya.